Direba na kullum sai ya sha kwana zuwa dama, ina mafita?

Wa alaikumus salam Alhaji. Na ga tambayarka, bari in ɗan maimaita ta saboda masu karatu: ka ce shekara biyu kenan da ka fara golf, da hannun dama kake bugu, ayon ɗinka (sanduna masu kan ƙarfe) daga 7 zuwa ƙananan ba laifi, amma da ka zaro direba (doguwar sandar nan mai ƙaton kai ta bugun nesa) sai ƙwallo ta tashi kamar za ta hagu, tana kaiwa tsakiyar tafiya sai ta lanƙwashe kamar lauje ta faɗa ciyawa ko bishiyoyi ta dama. Ka koma saitawa hagu sosai abin ya ƙara lalacewa, har sabon direba ka saya amma jiya i yau.

Toh ranka ya daɗe kwantar da hankalinka, wannan shi muke kira silais, kuma ni dai tun ina yaro ina ɗaukar jakar manya a filin da ko ciyawa babu a wajen rami sai yashi da baƙin mai, har yau da nake koyarwa, yawancin waɗanda suka zo hannuna da wannan ciwon suka zo. Yana warkewa, amma sai an bi tsari, fuskar sanda ake fara gyarawa sannan a zo kan hanyar bugu, wato inda kan sandar ke bi ya iso ƙwallo, wanda ya juya tsarin nan zai daɗe yana sayen ƙwallaye. Duk abin da zan faɗa na mai bugu da dama ne, bahago sai ya juya komai.

Ka ga ita ƙwallo ba ta san kuɗin direbanka ba, ba ta san ka ɗaga kai ko ba ka ɗaga ba, haɗuwarta da sanda ma bai kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba. Abu uku kawai ta sani a wannan ɗan lokacin: ina fuskar sandar take kallo, ina kan sandar ya dosa, sannan a wane gefen fuskar aka same ta. In fuska na kallon dama da inda kan sandar ya nufa, to shafar ƙwallon aka yi ba dukan tsakiya ba, za ta tashi tana juyi a karkace, iska kuma ta ja ta dama. Duk wanda ya buga ƙwallon ƙafa a layi ya san wannan, in ka shafe ta da bayan ƙafa ai ka san inda take lanƙwasawa, shi ne dai a nan.

Da can abin da aka koya mana shi ne wai ƙwallo tana tashi ne ta inda ka yi lilon sanda, fuska kuma ita ke lanƙwasa ta daga baya. Da na'urorin rada irin su TrackMan suka zo (kamfanin Denmak ne, an kafa shi 2003) sai aka ga ashe an yi shekaru ana koyar da abin a birkice, a direba kusan kashi 85 cikin 100 na inda ƙwallo ke fara dosa fuska ce ke yanke shi, lanƙwasar kuma tana zuwa ne daga tazarar da ke tsakanin fuska da hanya. Misali a ce kan sandarka na yankowa hagu da digiri 7, fuska kuma na kallon hagu da digiri 1 kacal, ƙwallo za ta tashi ɗan hagu kaɗan, amma tazarar digiri 6 ɗin nan za ta kwashe ta zuwa dama. Kuma kar ka ji digiri 6 ka ɗauka wani babban abu ne, dubi agogon hannunka, tsakanin minti ɗaya da na gaba da shi digiri 6 ne cif. Wannan 'yar tazarar ce ke kai ka daji duk Asabar.

Batun me ya sa ayon bai yi maka haka, gaskiya yana yi, ɓoyewa kawai yake. Ayon 7 fuskarsa a kishingiɗe take da digiri 30 da ɗoriya, yana sa ƙwallo juyin baya mai yawa wanda ke danne karkacewar, ga shi gajere wajen inci 37. Direba kuwa digiri 9 zuwa 12 ne, tsawonsa inci 45 ko fiye, ga gudu, ga nisan da ƙwallo za ta yi tana lanƙwasa, shi ya sa shi ke tona asiri. In ka lura da kyau zan iya cewa ayon ɗinka ma wani lokaci yana tafiya hagu santal, shi da silais ɗin uwa ɗaya uba ɗaya ne.

Saitawa hagun da ka koma yi kuwa, kowa haka yake yi kuma hankali ma zai ba ka haka, amma an gudu ne ba a tsira ba. Da ka juya ƙafa da kafaɗa hagu, idonka da zuciyarka har yanzu suna kan tsakiyar fili, sai ka ƙara yanko sandar daga waje zuwa ciki, hannunka kuma don tsoron kar ta tafi hagu da gaske sai ya ƙi barin fuska ta rufe, tazarar da ke digiri 6 ta koma 10. Ka daina wannan a wajen atisaye daga yau.

Kafin ka taɓa komai yi wannan gwajin, ba ya cin ko sisi. Samo hoda, ko alli, ko makar rubutu a farin allo, ka shafa a fuskar direba ka buga ƙwallo goma kana duba tabon kowacce. In tabon na taruwa ta diddige, wato gefen da ke kusa da ƙota, to wannan kaɗai yana haifar da silais ko da lilonka na da kyau, saboda dukan diddige yana murɗa kan direba, ƙwallo ta ɗauki juyin da ke kai ta dama, kamar haƙoran giya biyu da ke juya juna. Na sha ganin mutum ya zo yana cewa a rushe masa bugunsa gaba ɗaya a sake gini, ashe matsowa yake kusa da ƙwallo da yawa, ya ja baya da faɗin yatsa biyu rabin ciwon ya tafi. Amma fa a wajen atisaye kawai, a gasa doka ta hana shafa wani abu a fuskar sanda don ya canza tafiyar ƙwallo, kar ka je a kore ka ka ce ni na sa ka.

Yanzu riƙo, nan ne gizo ke saƙa, kuma nan zan daɗe.

Ɗauko safar hannunka ka duba, in ta cinye ko ta huje a tudun tafin hannu ta ƙasan ƙaramin yatsa, to a tafi kake riƙe sanda kamar mai riƙe taɓarya, kuma sandar da ke cikin tafi wuyan hannu ba ya iya sarrafa ta. A yatsu ake riƙewa. Hannun hagu, ka kwantar da mariƙin daga gindin ƙaramin yatsa ya ratsa zuwa tsakiyar manuniya, sannan ka naɗe hannun ta yadda tudun nan mai tsoka zai hau KAN mariƙin ba gefensa ba. In ka yi daidai za ka iya ɗaga sandar a gabanka da manuniya kaɗai da wannan tudun ba ta faɗi ba, gwada ka gani. Sai ka leƙa ƙasa ba tare da ka karkatar da kai ba, gaɓoɓin bayan hannu nawa kake gani? Masu silais ɗaya suke gani ko ɗaya da rabi, ni ina so ka ga uku a yanzu, daga baya ma rage zuwa biyu da rabi. Babban yatsan hagu kar ya kwanta a tsakiyar mariƙi, ya ɗan sauka ta dama, kuma wannan tsagar da ke tsakanin babban yatsa da manuniya ta nuna kafaɗarka ta dama, ba haɓarka ba. Hannun dama ya zo daga gefe da ɗan ƙasa, ya lulluɓe babban yatsan hagu, tasa tsagar ita ma ta nuna kafaɗar dama. Yawancin mutanenmu hannun daman nan ne ke hawa sama kamar za su danne sandar, da ya hau sama kafaɗar dama ta biyo shi gaba, shikenan an buɗe tun kafin a fara.

Ga inda ake cuta ta kullum: mutum ya riƙe sandar yadda ya saba sannan ya murɗa hannuwa dama har ya ga gaɓa uku ya ce malam ga shi na gyara. Ba ka gyara komai ba Alhaji, hannu zai koma inda ya saba a lokacin duka. Ajiye kan sandar a ƙasa fuska na kallon inda za ka, SAKI hannun gaba ɗaya, ka ɗora shi a sabon wurin sannan ka damƙe. Zai yi maka wani banbaraƙwai kamar ka sa takalmin wani, sati biyu zuwa uku kana jin haka, shi ya sa nake cewa a ajiye tsohuwar sanda ɗaya a falo, kana kallon labarai kana riƙewa kana saki. Kuma kar ka shaƙe ta, damƙar da za ka yi wa hannun surukinka in kuna gaisawa ta isa, hannun da ya sandare ba ya juyawa.

Wani abu da ke ba ni dariya, mutane na zuwa min da hoton riƙon Ben Hogan su ce ai ga yadda gwani ke yi. Eh gwani ne, manyan kofuna 9 ya ci, amma shi ciwonsa kishiyar naka ne, ƙwallonsa hagu take lanƙwasawa har ta kusa raba shi da sana'ar, sai ya ƙirƙiro riƙon da zai hana fuska rufewa. Kai da fuskarka ba ta rufuwa ka je ka sha maganin mai gudawa alhali cikinka a ɗaure yake.

Bayan riƙo sai wuyan hannun hagu. Ka sa yaron da ke ɗaukar maka jaka ya tsaya bayanka da waya ya ɗauke ka, ka tsayar da bidiyon a inda sanda ta kai ƙololuwa. In bakin kan direban na reto yana kallon ƙasa, wuyan hannun kuma ya lotsa ciki kamar ludayi, fuska a buɗe take, kuma daga can sama zuwa ƙwallo babu lokacin rufe ta. So nake bayan hannun da damtse su zama shafe ɗaya. Zura biro ko ƙaramar rula a ƙarƙashin madaurin agogonka ta kwanta a bayan hannu, ka yi lilo a hankali, in wuyan ya lotsa za ta soke ka, ita za ta koya maka ba ni ba. In za ka fara saukowa kuma ka ji kamar ɗan acaɓa na mayar da totur zai tsaya, gaɓoɓin hagu na murɗawa suna neman kallon ƙasa. Dubi ƙwararrun 'yan golf irin su Dustin Johnson ko Jon Rahm in sandarsu ta kai sama, nasu har ya tanƙwaro waje, ban ce ka kai can ba amma ka ga ɓangaren da ake so.

Toh ga gargaɗi tun kafin ka kira ni kana faɗa: in ka yi waɗannan biyun daidai ƙwallonka za ta fara tafiya HAGU, ƙasa ƙasa, wani lokaci ta tashi hagu ta ƙara lanƙwasawa hagu. Kar ka tsorata ka koma gidan jiya, wannan ita ce alamar maganin ya kama, fuska ta rufu saura hanya. Kuma a nan ne jiki ke taimaka maka da kansa, don wanda ya ga ƙwallonsa na tafiya hagu ba sai an roƙe shi ya yi lilo zuwa dama ba. Ni ba na barin ɗalibi ya wuce wannan matakin sai ya buga min goma a jere babu wadda ta lanƙwasa dama, da ayon 7 a kan ɗan ti (ɗan tsinken da ake ɗora ƙwallo a kai), rabin ƙarfi, kafin ma a taɓa direba.

Tsayuwa ba ta da wahala. Ƙwallo daidai cikin diddigen hagu, kar ta wuce gaba har yatsu don tana jan kafaɗa ta buɗe. Ti ya ɗaga har rabin ƙwallo ya leƙo saman kan direba. Kafaɗar dama ta ɗan fi ta hagu sauka, kanka a bayan ƙwallo. Ka shimfiɗa sanda ɗaya a ƙasa a bakin yatsunka, wani kuma ya kara maka wata a ƙirji ka ga ko suna tafiya tare, za ka sha mamaki, ƙafa na kallon fili kafaɗa na kallon wajen ajiye motoci.

Sai hanya. Mai silais faskare yake yi, da sanda ta kai sama sai kafaɗar dama da hannuwa su yi tsalle gaba su saro ƙwallo daga sama daga waje kamar mai faskara itace da gatari. Abin da ake so ya fi kama da yadda muke jifan ruwa da fasasshen kasko a kududdufi muna yara don ya yi ta tsalle a kai: nauyi ya fara komawa ƙafar gaba, gwiwar hannun dama ta sauko kusa da haƙarƙari, hannu ya biyo daga baya ta gefe. Ka ɗauka inda kake son zuwa ƙarfe 12 ne, kai ka jefa kan sandar zuwa ƙarfe 1, kuma ka bar bayanka na kallon fili na ɗan wani ƙiftawar ido fiye da yadda ka saba kafin ƙirji ya juyo.

Atisayen da na fi yarda da shi na kwali ne. Samo kwalin taliya ko hular direbanka, ka ajiye a wajen ƙwallo da tazarar yatsa huɗu, ka ɗan ja shi baya, in ka saro daga waje kwalin zai sha duka, in ka zo daga ciki ba za ka taɓa shi ba. Kar ka sa dutse ko bulo don Allah, na ga wanda ya yi. Na biyu, ka ja ƙafar dama baya da tsawon taku ɗaya ka dogara a kan yatsunta ka buga a hankali, wannan na buɗe wa hannu hanya ta ciki. Kuma in akwai ɗan tumbi ko bayan ya fara ƙagewa, ba abin kunya ba ne, bar diddigen hagu ya ɗan ɗaga in kana juyawa baya, don rashin cika juyi na daga cikin abin da ke sa a yi faskaren, jiki bai kai baya ba sai hannu ya nemi ƙarfi ta sama.

Akwai wani dattijo ɗan fansho da na koyar, shekararsa sama da 60, ya shekara wajen takwas yana silais har abokansa sun sa wa wata bishiyar maina da ke dama da rami na farko sunansa. Ranar farko ban bar shi ya buga direba ko sau ɗaya ba, riƙo kawai muka yi da ayon 7, ya yi ta mita wai kuɗinsa na ci. Sati na biyu ya kira ni rai a ɓace, wai yanzu na ƙara masa ciwo komai hagu yake tafiya, na ce alhamdulillahi, zo gobe da kwali. A sati na biyar ranar da ya buga wadda ta tashi ɗan dama ta dawo tsakiya a hankali ta faɗi tana gudu a busasshiyar ƙasar hunturu, tsayawa yai riƙe da sanda yana kallo bai ce komai ba, can sai ya juyo ya tambayi yaron jakarsa wai da gaske tasa ce.

Batun sabon direbanka, ba ka faɗi irinsa ba, amma juya shi ka karanta lambar da ke ƙasa da harafin da ke jikin ƙota. Kayan gwanjo da ake shigo mana da su da yawa digiri 8.5 ko 9 ne da ƙota mai S ko X, wato mai tauri, na ƙarti masu gudun bugu, mu kuma mu saya don sunan kamfani. Irinka 10.5 ko ma 12 ya kamata, da ƙota mai R, wadda ta fi laushi. In naka mai noti ne a wuya da ake murɗawa a saita ka ƙara masa digiri, a yawancinsu ƙarin na ɗan rufe fuska ma, in yana da nauyi mai zamewa ka tura shi ta diddige. Akwai waɗanda aka ƙera musamman don masu silais kamar Ping SFT, suna ragewa amma ba sa gyara riƙo. Abu mafi arha, sauko da hannunka inci ɗaya a mariƙi, za ka fi samun tsakiyar fuska. Robar mariƙin ma ka duba, zafinmu da ƙurar hunturu na sa ta bushe ta yi santsi kamar kwalba, santsi kuma ke sa a shaƙe, wanke ta da ruwa da sabulu da burushi, in ta mutu a canza.

Ranar wasa kuma daban take da ranar atisaye, kar ka tsaya a ti na farko kana lissafin gaɓa da totur da ƙarfe 1, kanka zai kulle. Riƙe sabon riƙon ka buga abin da ya zo. In silais ɗin ya dawo a ranar, kafa ti ɗinka ta gefen dama na wurin bugu ka nufi gefen hagu na fili ka bar ta ta dawo, a ramin da ke da fararen turakun iyakar fili ta dama kuma ajiye girman kai ka zaro itace 3, wato ƙanen direba mai digiri 15, don in ƙwallo ta fita waje za a ƙara maka bugu ɗaya ka kuma sake daga inda ka buga, wanda za ka sake na uku ne. In kana shakkar ta fita ko ta ɓace buga wata ƙwallon ta wucin gadi tun kana wurin, tun 2019 minti 3 kawai doka ta ba ka na nema ba 5 ba.

Kuma ni ban ce dole sai ƙwallonka ta koma lanƙwasa hagu ba, Jack Nicklaus manyan kofuna 18 ya ci yawanci da ƙwallon da ke ɗan zamewa dama, bambancin tasa 'yan yadi kaɗan ne kuma shi ya aike ta, taka yadi 40 ce kuma ita ke aiken kanta. In muka rage ta zuwa yadi 10 ka samu tsakiyar fuska, ni na gamsu.

Ka yi gwajin hodar nan da riƙon na sati biyu, sannan ka turo min bidiyo biyu, ɗaya daga bayanka a saitin hannu wayar na daidai tsayin ƙugu, ɗaya daga gabanka, tare da hoton fuskar direban bayan ƙwallo goma da hoton safar hannun ta ciki. Ka ce wa yaron ya riƙe wayar da kyau kar ya bi ƙwallo da ita, kai nake son gani.